Sawun da Ba a Kife Ba

Hantsi bai gama fitowa ba, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke tun kiran sallar farko, ƙasa ta kwanta luf kamar an daɓe ta. A irin wannan safiya ko ƙadangare ya gifta sai ya bar shaida. Idirisu na tsugune a ƙofar gida yana kurɓar koko gaya, don yayarsa Hindatu ta ce kanta na ciwo, yau ba za ta soya ƙosai ba. Sai ga Zuhair mai sitidiyon ɗaukar waƙa a kan mashin, ko hula babu.

"Idi, tashi. An shiga mana shago."

"Subhanallahi. Me aka ɗauka?"

"Tsohon fiyano. Na Hussaini." Ya yi saurin gyara bakinsa. "Wato wanda Hussaini ke kaɗawa."

Idirisu Bafillacen wajen Buji ne. Da shanun gidansu suka ƙare ya dawo Dutse, yana zaune wurin Hindatu tun da mijinta Hussaini, abokin sana'ar Zuhair, ya rasu a hatsarin mashin bara. Abin da ya rage masa na daji ido ne kawai. In akuya ta ɓata ko an ɗauke keke, shi ake kira ya bi sawu, kuma bai taɓa kai mutane gidan da ba shi ba.

Ya tarar da ƙofar shagon cike. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar ce, ko ina ka zauna zancen ke nan, tun ba a ga ɓarawo ba har wasu sun fara gardamar hannun dama ake farawa da shi ko na hagu. Shagon ɗan ɗaki ne, an manne bangonsa da kwalin ƙwai. Kwaɗon ƙofa a buɗe yake, ba a fasa ba. Ga sabon fiyanon da Zuhair ya kawo daga Kano, mai cin diski, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba, yana nan ba a taɓa shi ba. Ga batirin mota a ƙarƙashin tebur, an zare wayarsa an naɗe. Wurin tsohon ne kawai ya zama fili, ƙura ta zana girmansa. A ƙasa Idirisu ya ga wasu 'yan ledoji masu ƙyalli, ya tsince ya sa aljihu ba tare da ya san amfaninsu ba.

Aikin bin sawu yana da ƙa'ida. Mai bi shi ke gaba, kowa na baya. Sawun da ya yarda na ɓarawo ne sai ya kife shi da kwano, don in an je gaban manya a buɗe a gwada da ƙafar mutum. Wanda ya kife kwano kamar ya yi rantsuwa ne.

"Ku ja baya," in ji shi. Aka ja.

Sawu biyu ne suka zo ƙofar bayan ɗaukewar ruwa. Na farko silifas ne, ƙaramar ƙafa, taku gajere a miƙe, irin na mai kaya a ka. Ƙafar hagu tana ɗan buɗewa waje. Idirisu ya san ƙafar nan. Yana ɗan shekara kaɗan lokacin da saniya ta taka Adda Hindatu a wannan ƙafar, ya tashi yana bin sawun nan zuwa rafi, zuwa kasuwa, ko a duhu zai shaida shi.

Bai yi shawara da zuciyarsa ba. Ya ɗora tasa ƙafar a kai. Ya bi sauran yana takawa ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye kamar mai nazari, har suka hau tsakuwar titi. Sannan ya dawo kan na biyu. Wannan takalmin taya ne, ya nutse sosai, ga ɗigon ruwa hagu da dama. Ko yaron goye ya san ɗan ga-ruwa ne.

"A ba ni kwano."

Dabararsa ita ce ya ja mutane zuwa fa, shimfiɗaɗɗen dutsen nan da ke bayan unguwa, inda dutse ba ya riƙe sawu, ya ce ya ɓace, kowa ya watse. Sai dai sawun bai hau fan ba. Ya kewaye shi, ya miƙe sak, matasa na baya suna gani da idonsu, har ƙofar wani ɗan ɗakin langa-langa.

Abdulbaƙi ne a ciki, mutumin Aujara da ya zo cin rani ya zauna, yana sayar da ruwa a garwa. Ya fito yana murmushi, ya ɗauka ciniki ne.

"Sawuna ne mana. Ba kullum nake kai muku ruwa ba?"

"Ai har makulli Zuhair kan ba shi ya cika randa," in ji wani.

Shi ke nan. Kafin Idirisu ya buɗe baki an rufe bawan Allah da duka, an fasa masa leɓe, an ja shi a ƙasa da takalmi ƙafa ɗaya har gidan Mai unguwa Jaji.

Mai unguwa dattijo ne marar gaggawa. Ya kori matasan, ya sa Abdulbaƙi a ɗakin zaure.

"Zuwa la'asar," in ji shi. "In kayan bai fito ba, ba ni da ikon riƙe shi. 'Yan sanda ne, daga nan sai gaban alƙali. Kai Idirisu, kai ka kife kwano?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma a ba ni dama in ƙara bincikawa."

Abin da yake fata a ransa shi ne a ce Adda wucewa kawai ta yi, a samu wani na uku ya ɗauke masa wannan nauyi.

Ya fara da Malam Zainulabidin, shugaban 'yan agajin unguwa, wanda ya sha yi wa Zuhair kashedi kan kiɗan biki. Mutane na ta raɗe-raɗin ko yaransa ne suka ɗauke. Ya same shi yana shanya allunan da ruwa ya taɓa.

"Allah gafarta Malam, an ce ba ka son kayan nan."

"Ba na so, kuma a gabansa na faɗa. In ni zan ɗauka, da rana tsaka zan je da takarda. Kuma me zai sa in kwashi tsoho in bar sabo? Ko shaiɗan ya fi zama a tsohon ne?" Ya yi 'yar dariya, sannan fuskarsa ta canza. "Yaron ma ya bar biki, waƙoƙin Islamiyya yake ɗauka yanzu. Idirisu, na ji maganar kwano. Ka dai san abin da ke ƙarƙashinsa ko? Hannun mutum ne. Mutumin da garwa biyu ce abincinsa."

Idirisu ya yi masa sallama ya tashi.

Ya koma zaure ya roƙi a bar shi ya ga Abdulbaƙi. Yana zaune ya jingina da bango, ido ɗaya ya kumbura, ya tusa hannuwansa biyu a tsakanin cinyoyi kamar mai jin sanyi.

"Malam Baƙi, da ka kai ruwa, ƙofar a rufe take?"

"A buɗe. Na ɗauka Zuhair ne ya yi sammako. Na juye a durom na waje na tafi."

"Ba ka ga kowa a hanya ba?"

Abdulbaƙi ya kalle shi da ido mai lafiyar.

"Ni ban ga kowa ba," in ji shi. "Wadda ke ba ni gyaran ƙosai kullum ba ta fito yau ba. Ka gaishe ta da jiki."

Da mari ya kwaɗa wa Idirisu da ya fi masa sauƙi.

Saura Mailafiya mai gyaran rediyo, wanda duk unguwa ta san ya daɗe yana zawarcin tsohon fiyanon. Shagonsa cike da gawarwakin rikoda da amfilifaya, yana tsakiya da ƙarfen liƙi a hannu.

"A'a, ga ɗan Fulani mai karatun ƙasa. Ni ma ka zo ka kife ni ne?"

"Oga Mailafiya, an ce kana son fiyanon."

"Ina so mana! Na taya, Zuhair ya ƙi, wai gobe wani ɗan Kano zai zo ya karɓa a cikon sabon. Yaran yanzu ba su da kunne. Sabon nan muryarsa ruwan leda ce, tsohon nan ruwan randa. In Hussaini ya danna maka kalangu a ciki, ka rantse fata ce ake matsawa. Har sarewar Fulaninku ya koya masa. Amma in ni na sata, zan bar batirin mota? Kai ma ka san ni."

"Me ya haɗa fiyano da batirin mota?"

Mailafiya ya ajiye ƙarfen, ya gyara zama, don an taɓo inda yake so.

"Sabon nan in ka tsara kiɗa sai ka zuba a diski ka sa aljihu. Tsohon ba shi da wannan gata. A kansa yake riƙewa, kuma muddin akwai wuta a jikinsa. Ka raba shi da wuta ko na ƙiftawar ido, ya manta komai, ya koma kamar yau aka haife shi. Shi ya sa marigayi ya haɗa shi da batirin mota. Duk kiɗan da ya tsara da hannunsa yana ciki har jiya. Yanzu kam ɓarawo ya fizge waya, Hussaini ya sake mutuwa."

Idirisu ya zaro 'yan ledojin nan ya baza a tebur. "Wannan fa, a ƙasan shagon na tsinta."

Mailafiya ya ɗauki ɗaya ya juya. "Rigar batir ce. Manya, irin na tocila." Ya ɗago kai. "Kai. Wannan ba fizgewa ya yi ba. Sai da ya cika masa ciki da sabon batir tukuna ya zare waya. Wannan ba fiyanon yake so ba, abin da ke ciki yake so. Ɗan ga-ruwa ina ya san..." Ya kalli kwalin batir ɗin da ke kan kantarsa, ya kalli Idirisu. "Jiya da yamma yayarka ta kwashi rabin kwalin nan. Har na tsokane ta, na ce ko ɗan Fulani ya sayi rediyo ne. Kuma ni da bakina na gaya mata zancen ɗan Kano."

"Ka riƙe bakin nan zuwa la'asar," in ji Idirisu.

Da azahar ya shiga gida. Daga tsakar gida ya jiyo wani siririn sauti daga ɗakinta, ƙasa-ƙasa, kalangu na tafiya a hankali, sarewa na bin bayansa. Kiɗan da Hussaini kan kunna ne in ya dawo da fiyanon gida daga biki, ita tana kwashe tuwo tana cewa ya rage, maƙwabta na ji.

"Adda, ni ne."

Sautin ya mutu. Ta buɗe. Fiyanon na kan gado, an lulluɓe rabinsa da zanen da ta yi takaba da shi.

"Ka ga sawuna," in ji ta. Ba tambaya ba ce.

"Na gani. Na taka."

"Makullin shagon na Hussaini na cikin aljihun rigarsa da aka kawo mini daga asibiti, ban gaya wa kowa ba. Idi, bijiminsa ya sayar ya sayi abin nan, ina gidan. Da aka zo rabon gado Zuhair bai ambace shi ba, ni ma kunya ta hana ni. Na ce ba komai, yana can a kunne, in na wuce da tiren ƙosai ina jin sa. Sai jiya na ji za a zare." Ta share ido da bakin mayafi. "Ko hotonsa mai kyau ba ni da shi."

"An daki Abdulbaƙi, Adda. Yana ɗakin zaure. La'asar za a miƙa shi."

"Na ji. Tun ɗazu nake sa mayafi ina cirewa. In na fita, nawa hannun fa?"

"Ya gan ki da asuba. Ya ƙi faɗa. Ya ce in gaishe ki da jiki."

Ta zauna daɓas a bakin gado. Idirisu ya tsaya yana kallon ƙafarta ta hagu. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi kuwa don kada a taɓa nasa ya je ya miƙa na wani.

"Ni zan faɗa," in ji shi. "Ko kin zo ko ba ki zo ba."

Bayan la'asar zauren Mai unguwa ya cika har waje. Aka zaunar da Abdulbaƙi a tsakiya. Ga Zuhair, ga Malam Zainulabidin, ga Mailafiya yana ta murza hula. Mai unguwa ya ce a tashi a je a buɗe kwano a gwada ƙafa, yadda aka saba.

"Ranka ya daɗe, ba sai an je ba," in ji Idirisu. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da aka ce a yi shiru. "Sawun da ke ƙarƙashin kwano na Abdulbaƙi ne, amma ruwa ya ɗauko, ba fiyano ba. Na san haka tun kafin in kife. Akwai wani sawun. Shi ya kamata in kife, sai na take shi da ƙafata."

"Na wa?"

"Na Addata."

Wurin ya ɓarke da hayaniya. Mai unguwa ya ɗaga sanda. Mailafiya ya yi bayanin batir. Bai gama ba mutanen bakin ƙofa suka dare. Hindatu ce, fiyanon a kanta bisa gammo, tana tafe a miƙe da gajeren taku. Ta durƙusa, Mailafiya ya yi wuf ya taya ta saukewa kamar mai karɓar jariri.

"Baba, ni na ɗauka," in ji ta. "A saki bawan Allah."

"To ai ga ɓarauniya ta kawo kanta," in ji wani saurayi daga baya, cikin waɗanda suka yi dukan safe.

"Kai, rufe mana baki," in ji Malam Zainulabidin. "Ba a fara da hukunci sai an san mai kaya. Zuhair, tsakaninka da Allah, na wane ne?"

Zuhair ya sunkuyar da kai.

"Na Hussaini ne," in ji shi. "Shi ya saya. Na ga ni ke riƙe da shago, na yi shiru. Kullum na shigo na ga 'yar fitilarsa a kunne sai in ji kamar yana kallona. Shi ya sa na so ya bar shagon."

"Ka ji," in ji Malam. "Kayan gado ne da ba a raba ba, tana da haƙƙi a ciki, da makullin mijinta ta buɗe. Ta yi kuskure da ba ta zo ta gaban manya ba, amma wannan ba satar da ake kai wa alƙali ba ce."

Mai unguwa ya gyaɗa kai. Ya ce Zuhair ya haɗa mata da batirin motar, a kira dangin marigayi a daidaita. Ya ce waɗanda suka yi duka su haɗa kuɗin magani kafin magariba, ya san su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo.

"Idirisu. Ita ƙauna ta ja ta, Zuhair kwaɗayi. Kai kuwa amana muka ba ka. Idon unguwa ne kai. Daga yau ko kaza ce ta ɓata, kada a kira ka, kada ka zo."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Abdulbaƙi, ka yi haƙuri. Ka yafe musu."

Abdulbaƙi ya zaro hannuwansa daga tsakanin cinyoyi, ya dafa bango ya miƙe. "Allah na nan," abin da ya ce ke nan. Hindatu ta buɗe baki za ta yi magana, ya kauda kai ya fita yana ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Idirisu bai bi mutane ba. Ya fara zuwa ƙofar shago ya ɗauke kwanon, ya mayar wa mai shi. Sannan ya bi hanyar safe a baya-baya. Ƙafafu sun cakuɗa ƙasar, rana ta busar da ita, amma jan jikin mutum ba ya ɓuya. Ya bi shi har gefen fan, kusa da inda aka fara jan. Can cikin wata 'yar kwata ya hango bakin taya ya leƙo daga taɓo. Ya ciro, ya wanke a ruwan da ya kwanta a kan dutse. Maɗaurin ya tsinke, ya zauna ya ɗaure shi da zaren buhu, ɗaurin da ake wa igiyar maraƙi.

Ya sami Abdulbaƙi zaune a ƙofar ɗakinsa yana buga garwar da aka lotsa da dutse. Ya yi sallama, ba a amsa da ƙarfi ba. Ya sunkuya ya ajiye takalmin daidai gaban ƙafar da ba ta da shi.

Abdulbaƙi bai ɗago ba. Ya zura ƙafar, ya motsa yatsu ya ji ɗaurin ya zauna, ya ci gaba da bugun garwarsa.